Gwaggo Ba Ta Son Hawa

Mai Lemo ya kira ni da hantsi, ina tsaka da wanke kwalaben zuma a tsakar gida. Ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

"Mai zuma, gobe da sassafe masu feshi za su shigo lambu. Tsutsa ta fara cin fure. Ki zo ki kwashe amyoyinki yau."

"Yau? Haba Mai Lemo, ba sati mai zuwa muka yi da kai ba?"

"Sati mai zuwa ko fure ɗaya ba zan tarar ba. Na dai faɗa miki."

Ya kashe wayarsa. Na tsaya riƙe da kwalba, ruwan sabulu yana bin hannuna har gwiwa. Amyoyina shida, akwatuna ne na katako, suna can ƙarshen lambunsa a kan tudu. Don furen lemo na kai su, kuma su ne duk abin da na mallaka tun ranar da na ajiye aikin ofis, dangi suka yi ta zuwa yi wa Inna jaje kamar wadda 'yarta ta zautu. Maganin feshin nan ba ya barin ƙudan zuma ko guda. Toshe su a ciki ma ba dabara ba ce, dafin yakan yi kwanaki a jikin fure, kafin ya sake zafi ya dafa su a akwati. Dole a ɗauke su. Ba a kuma ɗaukar amya da rana tsaka, sai rana ta faɗi, masu fita kiwo sun dawo gida, sannan a toshe ƙofa a ɗora a mota.

Motar da za ta iya hawa wannan tudun kuwa guda ɗaya na sani, ita ce Gwaggo.

Gwaggo tsohuwar jif ce da Baba ya mutu ya bar mana. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Inna ce ta raɗa mata sunan, wai halinsu ɗaya da wata ƙanwar Baba: ba ta tashi sai an lallashe ta, in kuwa ta tashi sai unguwa ta sani. Kik ɗinta, wato abin da ke tada inji, ya mutu tun ina 'yar firamare, aka nemi irinsa aka rasa, Baba kuma ko a jikinsa, tunda gidanmu a kan gangara yake. Kullum yakan ajiye ta a tsakar gida, hancinta yana kallon ƙofa, da dutse a gaban taya. In za a fita sai a buɗe ƙofa, a janye dutsen, a bar ta ta gangara, a sa giya a saki kuloci, ta yi tari biyu ta kama. Haka muka buɗe ido muka gani, ni har na girma ban san ana tada mota da makulli kawai ba.

Sai dai a ranar Gwaggo a kwance take. Da yoyon fetur ta kai amyoyin, muna dawowa Yaya ya ciro kafireton, wato ɗan tukunyar da ke gauraya wa inji mai da iska, ya warware shi ɗai-ɗai a kan babban farantin Inna. Yaya bakanike ne, garejinsa na can bakin titi, amma Gwaggo ba ya yarda kowa ya taɓa ta, kuma ba ya kai ta gareji. A gida yake duba ta, bayan ya tashi daga aiki. Kwana da kwanaki ya yi a sunkuye yana wanke 'yan ƙananan ramuka da siririyar waya, har wuyansa ya ƙage. In zai dube ka sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, kamar ana juya kabad.

Ranar bai fita aiki ba saboda wuyan, amma na same shi rabin jikinsa cikin bonet.

"Yaya, yau nake son Gwaggo."

"Ni ma yau nake son jirgin sama," ya ce daga ciki.

Na faɗa masa abin da Mai Lemo ya ce. Ya ɗago a hankali, ya juyo da kabad ɗinsa, ya dube ni.

"Sojojin naki ne za a kashe?"

Haka yake kiran ƙudajena. Tun yana yaro suka taɓa yi masa rubdugu a gindin wata bishiya, fuskarsa ta kumbura har Inna ta kasa gane shi, daga nan ko ƙudan gida ne ya wuce ta kunnensa sai ya zabura. Ranar da na kai amyoyin, a mota ya zauna, gilashi a rufe, yaran lambu suka taya ni saukewa.

"Su ne," na ce.

Ya miƙo mini farantin ya ce in riƙe.

Na tsaya ina miƙa masa sukurori, ina duban inuwar katanga tana matsowa. Ya ɗaura kafireton, muka saki Gwaggo ta gangara ta kama, ya ja ta baya zuwa mazauninta, wanda ko ido rufe ya san shi. Saura daidaita mai. A cikin kafireton akwai ɗan kwano da fetur ke taruwa, da wani ɗan gwangwani da ke shawagi a kai, suna ce masa fulot, shi ke rufe hanya in mai ya kai inda ake so. A gefen kwanon, ta baya, akwai ɗan sukuru. Yaya ya ce haka Baba ya koya masa: a cire sukurun, in fetur ya zo daidai leɓen ramin, bai zubo ba bai kuma ɓuya ba, to an dace. Ya cire, ramin a bushe. Ya kashe mota, ya buɗe murfi, ya lanƙwasa harshen fulot ɗin don mai ya ƙara hawa, ya rufe, muka sake gangarawa. Har yanzu a bushe. Ya sake.

"Yaya, rana fa."

"Auta, in kin iya ki zo ki yi."

A karo na uku fetur ya leƙo bakin ramin ya tsaya cak. Tsohon gaskit ɗin murfin, wato 'yar shimfiɗar da ke hana mai yoyo, ya riga ya zama tsumma saboda buɗewa da rufewa, Yaya ya jefar da shi, ya ɗauko sabo guda ɗaya tilo da ya sha wahala kafin ya samo, ya shafa masa gam ya ɗaure tamau. Da Gwaggo ta kama a wannan karon, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Babu tari, babu kakari, murya ɗaya santala. Inna ta fito daga ɗaki da tsintsiya a hannu.

"Rabona da jin ta da wannan muryar tun babanku na da rai," ta ce.

Yaya ya goge hannu yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Na loda igiya, da rigunan aiki biyu masu ragar fuska, da soson toshe ƙofar amya, da gorar ruwa. Ya ga riga ta biyu ya ce, "Wannan ta wa? Ni direba ne kawai, ki sani."

La'asar ta yi sanyi muka fita, shi ke tuƙi.

Tun a kan kwalta na fara jin warin fetur. Gwaggo ta ɗan yi tari, ta sake yi. Na waiwaya na ga baƙin hayaƙi yana bin mu.

"Yaya?"

"Sabon aiki ne, tana sabawa."

Na san Yaya. In yana da gaskiya yakan ƙara da zagi. Wannan karon bai zage ni ba, sai muƙamuƙinsa da na ga yana motsi. Na ƙanƙame gorar ruwa.

Muka bar kwalta muka kama hanyar burji, har muka iso inda hanya ke gangarawa cikin wani busasshen rafi. Muna soma gangarawa sai tarin ya ɗauke ɗif. Muryar nan ta tsakar gida ta dawo, hayaƙi ya washe.

"Kin ji ko?" Yaya ya bugi sitiyari. "Ba na ce miki ba, sarkin gaggawa?"

Ga zagin ya zo, na ji sanyi a raina. Muka ratsa yashin rafin tana ɗan gunaguni, muka fuskanci tudun lambu. Hanyar siririya ce, faɗin mota ɗaya, ruwa ya zaizaye ta, duwatsu sun fito. Ta dama bangon tudu, ta hagu kwazazzabo wanda ban taɓa son leƙawa ba. Yaya ya sa babbar giyar ƙarfi, Gwaggo ta ɗaga hanci ta fara hawa.

Ba mu yi nisa sosai ba ta shaƙe. Ta yi tari, ta yi kakari, ta yi wata irin girgiza, Yaya yana taka totur yana "Haba Gwaggo, haba Gwaggo," ta ƙara ɗan taku kaɗan, sannan ta ce ga garinku nan.

Shiru ya sauko mana. Na ji kukan wani tsuntsu a ƙasan kwazazzabo, na ji bugun zuciyata.

"Sauka ki sa dutse," ya ce.

Na sa dutse a bayan taya. Ya buɗe bonet, ya durƙusa a kan bamba tunda wuya ba ya lanƙwasuwa. Ya zare tiyon mai ya duba, fetur na zuwa. Ya ciro filta ya busa, a wanke take. Ya taɓa wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance fulogi, sai ga shi baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf da fetur. Ya kwance sauran, duk haka. Ya goge su da gefen rigarsa, ya hura, ya mayar.

"Mai ne ya yi mata yawa. Bari mu gwada."

Tunda ba kik, gwaji ɗaya ne: a sa ribas, a janye dutse, a bar ta ta gangara da baya, a saki kuloci. Muka yi. Ta kama, ta yi aman hayaƙi, Yaya ya sa giyar gaba, kafin ta yi taku biyu ta sake mutuwa. Ya ce ƙila cok, abin da ke rage wa inji iska, shi ne ya maƙale, ya duba, lafiya lau. Muka sake gangarawa. Ta kama, ta mutu.

A nan ne na waiwaya. Yashin rafin ya matso kusa. Kowane gwaji yana cinye mana gangara, gangarar nan kuma ita ce kik ɗinmu. In muka kai yashi da matacciyar mota, ko mu goma ne ba mai tura ta. Nan za ta kwana, ƙudajena kuma su wayi gari da feshi.

"Yaya, kar ka ƙara sakinta."

"Na gani," ya ce. "Ina da ido."

Na kira Mai Lemo, wayar ta shiga da ƙyar. Na roƙe shi ya ɗaga feshin ko zuwa jibi. Ya ce masu feshin daga nesa suke, sun riga sun kwana a hanya, shi ma lemonsa ne abincin 'ya'yansa. Gaskiya ya faɗa. Ya ce shi yana gari, yaran lambun ma sun tashi. Raina ya ɓaci, na rasa wanda zan huce a kansa, sai na huce a kan wanda ke kusa.

"Kwana nawa kana tsakurar abin nan? Da ka bar shi da yoyonsa ai da ta hau. Da yoyon ta kai su!"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya cire murfin iska ya leƙa maƙogwaron kafireton, ni ma na leƙa: mota a kashe, amma fetur na ɗiga ciki, ɗis, ɗis. Ya ɗauki sukudireba ya kwance ɗan sukurun nan na gefe. Bai gama fitowa ba fetur ya yi tsartuwa ya wanke masa hannu.

Ya tsaya yana kallon hannun.

"Da hannun nan na daidaita shi," ya ce a hankali. "Kina tsaye. Daidai leɓe ya tsaya, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To daga ina wannan ya fito?"

Ban taɓa jin Yaya ya tambayi wani abu game da Gwaggo ba, shi ake tambaya. Tsoro na gaske ya kama ni. Rana ta riga ta sauko kan bishiyoyin tudu, ta yi ja. Na ɗauko gorar ruwa na kurɓa, na ajiye ta a kan madigadi, can saman taya. Idona ya tsaya a kanta ba da niyya ba. Ruwan ciki a karkace yake, ya taru ta baya, gaba ya yi ƙasa.

Sai bahon da na wanke kwalabe da safe ya faɗo mini a rai. Duk ranar duniya in na cika shi a tsakar gidanmu, ta wajen ƙofa yake fara zuba, ɗaya gefen kuwa da saura. Tun ina yarinya nake sa masa tsinken itace a ƙasa, ban taɓa tambayar dalili ba.

"Yaya, a ina da ina ta yi murya mai daɗi?"

"A gida mana. Da gangarar rafi."

"Dubi gorar nan."

Ya juyo da jikinsa ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya zauna daɓas a kan wani dutse ya dafe kai.

"Tsakar gida," ya ce. "Innalillahi. Hancinta a ƙasa na auna. Man ya gudu gaba, ramin yana baya, ni kuma na yi ta ƙara shi, na yi ta ƙara shi." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Shekara nawa ina aikin nan. Motar kowa a kan siminti nake aunawa. Tamu ce kawai..."

"Baba fa? Ba a nan yake yi ba?"

"Baba a bakin titi yake yi, gaban shagon mai faci. Ni na ɗauka hira ce ke kai shi."

Ni ma na tuna. Har Inna takan yi mita, wai ga gida ga inuwa, sai ya kwashe kaya ya tafi titi.

"To a rage shi mana," na ce.

"Sai na buɗe murfi. Gaskit ɗin da gam na kama shi, ina ɗagawa zai yage, babu wani. In ya yage, fetur a kan inji mai zafi za ta yi ta zubarwa. Kuma a ina zan auna? Nuna mini waje ɗaya miƙaƙƙe a nan."

Babu. Na dubi sama, inda hanya ta lanƙwasa ta ɓace, amyoyina suna can, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Hawaye ya cika mini ido, haushi ya hana shi zuba.

"Tunda sai hancinta na ƙasa take aiki, sai mu hau da baya ai!" na faɗa da tsawa, na shuri taya.

Yaya ya miƙe. Ya juyo gaba ɗayansa ya zuba mini ido.

"Wasa nake," na ce.

"Ni ba wasa nake ba."

"To bismilla, ga mota."

Ya nuna wuyansa da yatsa. Madubin gefe ɗaya ne ya rage wa Gwaggo, shi ma a tsage.

A gidanmu in ana son dariya, labarin ribas ɗina ake ɗaukowa. Ni ce na kayar da ginshiƙin ƙofar gida. Ni ce na hau kan tukunyar fulawar maƙwabciya, a fili fetal, ba kowa ba komai. Gaba kam ko ina ne zan kai mota, amma da na waiwaya sai dama ta zama hagu.

"Yaya, kwazazzabo ne fa."

"Na gan shi. Ki bar kallonsa, ni za ki kalla. Ko mu koma gida, ki zaɓa."

Na shiga na zauna. Tafin hannuna ya jiƙe har sitiyari na zamewa.

Sauran gangarar da ta rage mana kaɗan ce, amma akwai wani ɗan lungu a jikin tudun inda masu itace ke tara kaya. Yaya ya sake goge fulogai, ya janye dutse, na saki birki kaɗan-kaɗan, yana daka mini tsawa, "Dama! Damarki, Auta, wadda kike cin abinci da ita!" har gindin Gwaggo ya shige lungun, hancinta ya juyo ya kalli rafi. Tsakaninmu da yashi bai fi tsawon tsakar gidanmu ba. Gwaji ɗaya ke nan, babu na biyu.

Na sa giya ta biyu, na taka kuloci, na saki birki. Ta fara mirginawa a hankali kamar ba ta so. Yashi na matsowa. Yaya na gudu a gefe yana "Tukuna! Tukuna!" Sai da na ga tayar gaba ta kusa taɓa yashi ya ce "Yanzu!" Na saki. Ta yi tari, ta yi shiru, zuciyata ta tsinke, sai ta yi wani tarin ta kama. Na danne birki da kuloci da duk ƙarfina. Hayaƙi ya fita baƙi, ya koma toka-toka, ya washe. Muryar tsakar gida ta dawo.

Na sa ribas.

Yaya ya koma bayan mota, ya fuskance ni, yana hawa tudun da baya shi ma, hannuwansa a sama. Na murɗa jikina na saƙalo hannu a bayan kujera, na kafa masa ido ta tagar baya. In ya karkata hannu nan, in bi. Giyar ribas tana wani kuka siriri kamar injin niƙa. Ƙafata a kan totur sai rawa take, motar na zabura tana lafawa. Muka wuce inda ta mutu ɗazu, ga tabon fetur a ƙasa, ba ta ko yi tari ba.

A lanƙwasar ce na rikice. Ya nuna bangon tudu, ni kuma na juya sitiyari wancan gefen. Na ji tayar baya ta zame, duwatsu suka gangara kwazazzabo, na daɗe ina jin ƙararsu kafin su tsaya.

"Tsaya!"

Na tsaya. Ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a bakina. Yaya ya zo taga, fuskarsa ta yi fari da ƙura, yana haki.

"Ba zan iya ba, Yaya."

"Kin riga kin yi rabi. Saurara. Manta da dama da hagu. Sa hannunki a saman sitiyari. Inda na nuna, can za ki kai hannun. Shi ke nan."

"In na faɗa fa?"

"Sai Inna ta kashe ni. Kin ga ni ma ina da abin tsoro."

Na yi dariya cikin kuka. Na ɗan gangara gaba, na sa hannu a sama, na sake kallonsa. Inda ya nuna na kai hannu. Ban ƙara duban komai ba, ba kwazazzabo ba, ba rana ba, sai tafukan hannunsa biyu baƙaƙe da mai. Har na ji ƙamshin furen lemo ya shigo ta taga.

Na tsayar da ita a bakin lambu, hanci a ƙasa, ya sa dutse, na kashe. Rana ta faɗi. 'Yan ƙudajen ƙarshe suna dawowa, ƙafafunsu ɗauke da garin fure, suna sauka a bakin ƙofa suna shigewa, ba su san komai ba. Na jira har zirga-zirgar ta ɗauke, na bi su ɗaya-ɗaya na toshe da soso, na ɗaure kowace da igiya.

Amya cike da zuma ba ta ɗaukuwa ga mutum ɗaya. Na kama gefe guda na ja, ko motsi. Ban kira shi ba, wallahi ban kira shi ba. Sai na ji takun mutum a bayana. Yaya ne cikin riga ta biyu, ya sa ragar fuskar a juye.

"In ɗaya ta cije ni," ya ce, "na yafe ki har abada."

"Ba sa cizo. Harbi suke."

"Auta!"

Muka loda su duka. Ta ƙarshe ita ce amyata ta fari, wadda na fara da ita, sauran duk daga jikinta na raba su. Ita ta samu wurin can baya, dab da ƙofa.

Saukowa ba wuya, Gwaggo na waƙarta, fitila ɗaya na haska mana hanya. Sai da muka iso rafi na tuna: gangarar da muka sauko ɗazu, yanzu hawa ce. Dole in juya a cikin yashi in sake hawa da baya. A kan yashin kuwa, da ta daidaita, sai ta koma tari da baƙin hayaƙi, na yi ta ba ta wuta don kar ta mutu, taya na tono, ina gaba ina baya. Da na fara ja da baya sai duk hayaƙin salansa ya turnuƙe mu, ya shigo ta ɓular da tsatsa ta ci a daɓen baya. Ɓular nan a ƙarƙashin amyata ta fari take. Na sani, ina gani ta hasken wayar da Yaya ke haska mini, amma in na ɗaga ƙafa mun zauna. Na ci gaba da takawa ina tari.

Kafin mu kai ƙarshen hawan na tsaya, tun hancinta na ƙasa. Ya sa dutse, na kashe ta, na zagaya baya da gudu.

Mai zuma ba ya buɗe amya a hanya. Kunne ake sawa a jikin katako, a ƙwanƙwasa sau ɗaya. In suna lafiya za su amsa da guɗa, ta tashi ta kwanta. Na bi na ciki, ina miƙa wuya ta tsakaninsu. Wannan ta amsa. Wannan ma. Duk biyar suka amsa.

Na tsaya a gaban ta ƙarshe. Katakonta da ɗumi, yana warin hayaƙi. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, hannun ya ƙi.

"Yaya, ba zan iya ji ba."

Ya riga ya cire ragar fuska tun a rafi don ya ga hanya. Ya dube ni, ya dubi akwatin. Sannan ya matso. Wuya ba ya lanƙwasuwa, don haka sai ya durƙusa a kan gwiwoyinsa cikin ƙura, ya karkato da jikinsa duka, ya manna kunnensa tsirara a jikin amyar, dab da soson ƙofa. Ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya rufe ido, kamar yadda yake yi wa inji.

Ya daɗe.

"Auta," ya ce, bai ɗaga kunnen ba. "Zo ki ji silon inji, murya ɗaya santala. Ko ni ban iya saita irin wannan ba."

Na durƙusa a ɗaya gefen na sa nawa kunnen. Suna nan.